Daga Luf Zuwa Cikakken Kiɗa: Jagorar Tsara EDM ga Sabon Furodusa

Kusan duk mai koyon haɗa kiɗan rawa na kwamfuta, wanda ake kira EDM, wuri ɗaya yake cijewa. Ya jera ganguna, ya sa bes, wato sautin nan mai kauri na ƙasa, ya ɗora karin sauti mai daɗi a kai, abin yana ta zagayowa shi kuma yana kaɗa kai. Daƙiƙa 15 ke nan. Daga nan sai ya rasa inda zai dosa. Gobe ya buɗe sabon fayil ya sake haɗa wasu daƙiƙa 15 ɗin, har folda ta cika da guntaye, babu ko ɗaya da za a iya miƙa wa DJ. Wannan guntun mai maimaita kansa shi ne luf, aikin da ke gabanmu kuma shi ne mayar da shi kiɗa mai farko da tsakiya da ƙarshe.

Kayan da ke cikin luf ɗinka sun kusa isa, ko da ba ka yarda ba. Abin da ya rage yanke shawara ne: wane sauti zai shigo yanzu, wane zai jira, wane za a ɗauke don a yi kewarsa. Mafi yawan aikin tsari cirewa ne.

Inda fasalin ya samo asali

Wanda ya taso da waƙoƙinmu na nanaye ya saba da baiti da amshi, murya na jan ragama, kiɗa na biye da ita. A EDM sau da yawa babu mawaƙi sam. Abin da ke riƙe mai sauraro shi ne ƙarfin kiɗan kansa, yadda yake tasowa, ya lafa, ya sake tasowa fiye da da.

A gidan rawa aka haifi kiɗan nan, buƙatar DJ ce kuma ta ba shi siffa. A tsakiyar shekarun 1970, a birnin New York na Amurka, waƙoƙin disko masu minti 3 sun yi wa masu rawa kaɗan, jiki bai gama ɗumi ba waƙa ta ƙare. Tom Moulton na cikin na farko da suka riƙa tsawaita su, kuma da shi ake danganta fitowar faifai mai faɗin inci 12 da ke ɗauke da doguwar waƙa guda. A Chicago, Frankie Knuckles ya riƙe gidan rawa na Warehouse tun daga 1977, yana yanka tef yana haɗewa don ya ja wuraren da jama'a suka fi so. Daga sunan gidan nan ake cewa salon house ya sami sunansa. Sai kuma injinan ganga na kamfanin Roland na Japan suka shigo, TR-808 a 1980, TR-909 a 1983, waɗanda aikinsu maimaita zubi ɗaya ne ba gajiya. A Detroit su Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson suka ɗauki irin waɗannan injina suka fitar da tekno.

Ga abin da ya shafe ka a wannan tarihin. DJ ba ya bari kiɗa ya ƙare kafin ya sa wani. Shigo da sabon yake yi a ƙarƙashin mai tafiya, su jera tare na rabin minti ko minti guda, sannan ya janye tsohon ba tare da ƙafar mai rawa ta tsaya ba. Don haka yana son farkon kiɗanka da ƙarshensa su zama fili, kuma yana son ya iya hasashen inda kowane sauyi zai faɗo. In ka ba shi waɗannan biyun, ka gama da shi.

Mataki na 1: Iya ƙirga

A house da tekno da tirans, babbar ganga, wato kik, tana sauka a kowane bugu: dum, dum, dum, dum. Bugu 4 su ne gaɓa ɗaya, kuma gaɓoɓin ne lambobin nan da kake gani jere a saman allon shiryawa na manhajarka. Gaɓa 8 zango ɗaya ke nan. Duk wani babban sauyi a farkon zango yake faɗowa: gaɓa ta 9, ta 17, ta 25, ta 33, haka har ƙarshe. Manyan sassa kuma 16 ne ko 32.

Kunna duk wani kiɗan house ka ƙirga da baki: 1-2-3-4, 2-2-3-4, 3-2-3-4, har ka kai 8-2-3-4. Daidai inda za ka koma 1, wani abu zai shigo ko ya fita. Masu rawa ba sa ƙirgawa da baki, amma jikinsu ya haddace lissafin, shi ya sa idan ka sako babban sauyi a gaɓa ta 13 sai ka ga an yi turus.

Lissafin lokaci mai sauƙi ne. Raba 240 da saurin kiɗan, wato BPM, yawan bugu a minti ɗaya, za ka sami tsawon gaɓa ɗaya a daƙiƙa. A BPM 128 gaɓa ɗaya daƙiƙa 1.875 ce, zango ɗaya daƙiƙa 15 cif, gaɓa 16 rabin minti, gaɓa 32 minti guda. Saboda wannan daidaiton ne zan yi duk misalan nan a kan 128. A BPM 120 gaɓa ɗaya daƙiƙa 2 ce, sai ka gyara lissafin.

Mataki na 2: Kammala luf ɗin da ya fi kowane wuri cika

Kafin ka taɓa tsari, ka tabbata kana da gaɓa 8 da suka ƙunshi kiɗan a ƙololuwarsa, wurin da 'yan situdiyo ke kira dirof. A ciki akwai kik, da tafi a bugu na 2 da na 4, da hayihat, wato ƙananan faya-fayan ƙarfe masu siririyar ƙara, tsakanin bugu da bugu, da bes, da babban karin sauti, da kod ɗin da ke tallafe shi, wato sautukan da ake bugawa tare lokaci guda, sai ɗan kacau-kacau ko wata ƙaramar ganga. Layi 8 zuwa 12 sun wadatar. Idan luf ɗin bai sa ka motsa ba a wannan matakin, babu tsarin da zai cece shi, gara ka tsaya ka gyara kik da bes tukuna.

Abu ɗaya da ba a sasantawa a kansa: kowane sauti ya zauna a layinsa shi kaɗai. Masu amfani da manhajar FL Studio sun cika zuba komai a cikin fatan guda, wato akwatin da ake jera bugu da sautuka a ciki, to ta yaya za ka ɗauke hayihat ka bar kik? Akwai umarnin Split by channel da ke rarraba fatan ɗin, kowane sauti ya sami nasa. Ka yi shi, ka raɗa wa kowane layi suna, ka ba ganguna launi ɗaya, bes wani, karin sauti wani. A manhajar Ableton Live kuma ka kwashe abin da ka haɗa a Session View ka kai shi Arrangement View, can ne ake tsari.

Ka adana aiki kafin ka ci gaba, kuma da sabon suna. A inda wuta ke ɗaukewa ba sallama, Ctrl+S ya zame maka jiki. A FL Studio, Ctrl+N na ajiye sabon kwafi mai lamba, ko ka ɓata tsari gobe luf ɗinka na asali na nan.

Mataki na 3: Zana taswirar kiɗan wani

Da ɗan gari akan ci gari. Zaɓi kiɗa ɗaya da kake so, a salon da kake yi, doguwar sigarsa ta DJ ba gajerar ba. Jawo shi cikin aikinka a layin da ke can sama, ka daidaita BPM ɗinka da nasa, ka ja shi har kik ɗinsa na farko ya zauna daram a kan gaɓa ta 1. Duba can wajen gaɓa ta 100 ko har yanzu kik na kan layi. In ya zame, BPM ɗin bai yi daidai ba. A Ableton ka lura da Warp, mai daidaita sauti da saurin aikinka, don yakan miƙe sautin yadda ya ga dama in ba ka duba ba.

Yanzu ka saurara kana kafa alama duk inda wani abu ya canza. A Playlist na FL Studio Alt+T ke kafa alama, a Ableton kuma loketa ake kiran alamar. Sannan ka ɗauko takarda da biro. A gefen hagu ka jera sunayen sautuka daga sama zuwa ƙasa, a sama ka jera zangon 1, 2, 3 har ƙarshe, ka riƙa sa maki a duk akwatin da sautin ke bugawa. Idan ka gama, ka ɗan ja da baya ka kalli takardar. Abin da zai ba ka mamaki shi ne yawan akwatunan da babu komai. Kiɗan da kake ji kamar ya cika maƙil, sau da yawa abubuwa 4 ko 5 ne kawai ke tafiya lokaci guda, kuma zangunan da komai ke bugawa tare ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba.

Ƙashin tsari kake ara, ba karin sautin mai kiɗan ba. Tsari na kowa ne, karin sauti kuwa haƙƙin mai shi ne. Da ka kafa alamominka, ka kashe muryar layin, kada ka manta da shi a ciki ranar fitarwa.

Mataki na 4: Baza luf ɗin, sannan ka sassaƙe

In ba ka da taswirar da ta kwanta maka, ga ɗaya da ke aiki a house mai dirof, a BPM 128:

Buɗewa: gaɓa 1 zuwa 32, ta ƙare a minti 1:00
Lafawa ta farko: 33 zuwa 48, 1:30
Hawa: 49 zuwa 64, 2:00
Dirof na farko: 65 zuwa 96, 3:00
Lafawa ta biyu: 97 zuwa 112, 3:30
Hawa na biyu: 113 zuwa 128, 4:00
Dirof na biyu: 129 zuwa 160, 5:00
Rufewa: 161 zuwa 192, 6:00

Haskaka luf ɗinka gaba ɗaya ka maimaita shi har gaɓa ta 192, sau 24 ke nan. Ctrl+B ne a FL Studio, Ctrl+D a Ableton. Yanzu kana da minti 6 na abu ɗaya mai gundura, kuma hakan ake so. Sai ka bi sashe-sashe kana gogewa. A buɗewa goge komai ka bar ganguna. A lafawa goge kik da bes. A rufewa goge karin sauti. Cikin ƙasa da rabin awa za ka ga kiɗa ya tsaya da ƙafafunsa, ko da babu ado. Na fifita wannan hanyar a kan ginawa daga gaɓa ta 1 zuwa gaba, domin mai ginawa daga farko yakan ƙare kwanaki yana ƙawata buɗewa, bai taɓa ganin ƙarshen kiɗan ba.

Kada ka taɓa miksin, wato daidaita muryoyin sautuka, yanzu. Hannu zai yi ta ƙaiƙayin gyara hayihat, ka danne.

Mataki na 5: Bi sassan ɗaya bayan ɗaya

Buɗewa ta DJ ce. Kik ya fara tun bugun farko na gaɓa ta 1, ba wani shiru ko iska a gabansa, domin manhajojin DJ irin su rekordbox da Serato su gane inda ƙirga ta soma. Zangon farko kik da hayihat, na biyu tafi ya shigo, na uku kacau-kacau, na huɗu ɗan ɗanɗanon kod can ƙasa-ƙasa ko bes da aka rage wa kaifi. Dalilin ɓoye karin sauti a nan shi ne, a lokacin tsohon kiɗan na ci gaba da bugawa, in makullin sautinku, wato jerin sautukan da aka gina karin kowanne a kai, bai zo ɗaya ba sai su yi karo. Ganguna kuwa ba su da wannan rigimar.

Lafawa ita ce inda kik ke ɗaukewa, jama'a su sami numfashi. A nan ne ake gabatar da karin sautin, amma ba da dukkan ƙarfinsa ba. Ka buga shi da fiyano, ko ka rufe shi da filta mai danne sautukan sama, ya fito kamar daga nesa. Wani abu da ke ruɗa sababbi: in ka ɗaure kod ɗinka da kik ta hanyar sayidcen, wato yana dusashewa duk lokacin da kik ya sauka, to da ka goge kik sai kod ɗin ya tsaya cak kuma ƙararsa ta ƙaru. Ko dai ka rage masa murya a wurin, ko ka yi wani kik na ɓoye wanda ba a jin sa, aikinsa kawai ya ci gaba da danna kod ɗin.

Hawa shi ne wurin da ya fi cancantar lokacinka, don shi ke sayar da dirof. Abubuwa 3 ke tafiya tare. Na farko ganga mai ƙara sauri. Ɗauki siniya, wato ƙaramar ganga mai kaifin sauti, ko tafi, a gaɓa 8 na ƙarshe kafin dirof: gaɓa 4 na farko ta buga sau 4 a kowace gaɓa, 2 na gaba sau 8, ta bakwai sau 16, ta takwas sau 32 ko ta yanke. BPM bai canza ba, amma kunne zai rantse kiɗan gudu yake. Na biyu sauti mai hawa sama, ko ƙarar "shhh" da filta ke buɗe ta a hankali, ko sauti ɗaya da ake ɗaga muryarsa har ta kai ƙoli. Na uku, wanda ya fi sauran muhimmanci kuma aka fi mantawa da shi, janye nauyin ƙasa. Ka sa filta mai yanke sautukan ƙasa a kan kayan kiɗan, ka riƙa ɗaga ta sannu a hankali har wajen Hz 200 zuwa 300 (Hz ma'aunin sauti ne, ƙaramar lamba na nufin sauti mai kauri). Nauyin kik da bes yana zaune ne ƙasa da Hz 100. Idan ka hana kunne shi na daƙiƙa 15 ko 30, dawowarsa ce za ta girgiza ƙirji.

Mu matso kusa da gaɓa ta 64, ta ƙarshe kafin dirof. Bugu na 1, na 2, na 3, siniya na ta zuba, ƙarar "shhh" ta kai maƙura. A bugu na 4 ka yanke komai. A BPM 128 bugu ɗaya bai kai rabin daƙiƙa ba, amma wannan ɗan gurbin shi ne rabin ƙarfin dirof ɗinka. Za ka iya barin sa wayam, ko ka jefa abu ɗaya tak a ciki: kalma guda, ko bugun kalangu ɗaya da ka ɗauka da waya ka tsabtace. Sai ka zuƙo allon sosai ka duba ko akwai wutsiyar ribab, wato amon da ke biyo bayan sauti, da ta tsallaka cikin gurbin ko ta hau kan kik na gaɓa ta 65. In akwai, ka datse ta. Yawancin dirof ɗin da ake cewa "bai faɗo ba", ba kik ne ya gaza ba, tarkacen hawa ne suka zubo masa a kai.

Ka kuma kalli mitar ƙara. Idan ƙarshen hawa ya fi dirof ƙara, ka yi aikin banza, don kunne zai ji an sauka ne maimakon a hau. Rage muryar hawan da dB 1 ko 2, wato ma'aunin ƙara, a hankali yayin da yake tafiya, ba wanda zai lura, sai dirof ya dawo da cikakkiyar murya. Wasu kan ƙuntata faɗin sitiriyo, wato bazuwar sauti hagu da dama, a hawan su sake shi a dirof, shi ma yana aiki.

Dirof na gaɓa 32 zango 4 ne, kada su zama tagwaye. A na farko ka bar kik da bes da babban karin sauti da tafi kawai. Ƙarancin kaya ne ke ba su fili su yi nauyi. A na biyu buɗaɗɗen hayihat ya shigo. A gaɓa ta 80, wato ƙarshen rabin farko, ɗauke kik na gaɓa ɗaya ko rabinta, ya dawo a ta 81 tare da sabon abu, ko ƙaramin karin sauti mai amsa wa babban, ko babban ya hau okta guda, wato karin nan dai amma da siririyar murya. Zango na huɗu ne kaɗai komai ke bugawa tare. A FL Studio, kafin ka canza wani fatan a wuri ɗaya ka danna Make unique, in ba haka ba duk kwafinsa 24 za su canza tare.

Rabin kiɗa na biyu shi ne inda ake gane wanda ya gaji. Kwafe rabin farko a liƙa ba laifi ba ne a matsayin mafari, amma mai sauraro ya riga ya san hanyar, dole ka biya shi ladan zama. Lafawa ta biyu ta zo da abin da ba a ji ba: murya, ko sabon jerin kod, ko a tuɓe komai a bar sauti ɗaya. Dirof na biyu kuma ya fara daga inda na farko ya tsaya. Sauyi ɗaya babba ya fi ƙanana goma da ba wanda zai ji.

Rufewa buɗewa ce aka juya. Karin sauti ya fara fita, bes ya bi shi a gaɓa ta 177, a bar wa DJ gaɓa 16 na ganguna zalla ya shigo da bes ɗin kiɗansa na gaba. Kada ka dusashe murya a hankali har ta ɓace kamar waƙar rediyo, wannan aikin hannun DJ ne.

Mataki na 6: Ɗinke mahaɗai

A yanzu sassan suna nan, amma ana jin inda aka haɗa su. Kayan ɗinkin kaɗan ne. Kirash, wato faifan ƙarfen nan mai "tsss", a bugun farko na sabon sashe. Kirash ɗin da aka juya baya, ya ja kunne zuwa ga bugun. Ɗan gajeren salon ganga a gaɓar ƙarshe ta zango. Ƙarar "shhh" mai sauka bayan dirof, ta raka mai sauraro cikin lafawa. Da kuma barin sautin ƙarshe na karin ya yi amsa-kuwwa da dile, mai maimaita sauti, ya shiga sashe na gaba. Ƙaramin sauyi, ƙaramin ɗinki. Kada ka sa babban kirash duk gaɓa 8, daraja za ta zube kafin a zo inda ake buƙatarsa.

Sauran rai daga otomeshan yake zuwa, wato ka zana wa maɓalli hanyar da zai riƙa juyawa da kansa. A FL Studio ka danna maɓallin da hannun dama na mawus ka zaɓi Create automation clip, a Ableton harafin A ke fito da layukan. Fara da abu biyu: buɗewar filta a kan kod, da yawan ribab a kan karin sauti. Kod ɗin da filtarsa ke buɗewa kaɗan-kaɗan tsawon gaɓa 32 yana maimaita abu ɗaya ne, amma kunne ba zai ce maimaici ba ne.

Ba kowane salo ke bin taswirar can ba

Ƙirgar 8 da 16 da 32 ta game kusan kowa, amma yadda ake kashe ta ya bambanta. Tekno bai damu da babban dirof ba. Kik na iya tafiya minti da minti, sauyin duka a filta da ƙananan ganguna yake. Tirans, wanda ke yawo wajen BPM 138, lafawarsa doguwa ce, can zuciyar kiɗan take. Dram an bes na gudu wajen 174, inda gaɓa 32 wajen daƙiƙa 44 ce kawai, don haka sassansa kan fi yawan gaɓoɓi. Amapiano na Afirka ta Kudu, wajen 112, yakan daɗe yana jan rai da kacau-kacau da kod kafin gangar nan tasa mai nauyi ta shigo. Shi ya sa taswirar da ka zana da hannunka daga salonka ta fi tawa.

Mataki na 7: Gwaji, gajerar siga, fitarwa

Ka fitar da kiɗan ko da bai gama ba, ka bar shi ya kwana. Washegari ka saurara daga farko zuwa ƙarshe ba tare da kallon allo ba, don ido na yaudarar kunne: kana ganin sauyi na tafe sai ka ɗauka babu gundura. Riƙe takarda, duk inda hankalinka ya tafi wani wuri ka rubuta mintin. In ka kunna wa aboki, kada ka tambaye shi ya ya ji, zai ce "Kai, mutumina, wannan wuta ne." Hannunsa za ka kalla. Daƙiƙar da ya zaro waya, nan ne matsalar take. Maganin wurin ɗayan biyu ne: ka yanke gaɓa 8, ko ka ɗauke wani sauti kafin wurin don shigowarsa ta zama labari. Ƙara sabon sauti shi ne zaɓi na ƙarshe.

Ka ji shi a lasifikar waya ma, tunda da ita mafi yawan mutane za su fara jin sa. Waya ba ta iya fitar da nauyin can ƙasa, saboda haka idan dirof ɗinka bes mai zurfi kaɗai ya dogara da shi, a waya hawa da dirof za su zama ɗaya. Ɗan ƙara wa bes ɗin kaushi da sacureshan, ko ka ɗora masa wani sauti a sama da zai bi sawunsa. Sannan ka zama DJ na minti 10: manhajar DJ ta Mixxx kyauta ce, ka sauke ta, ka gwada shigo da kiɗanka a kan wanda ka zana taswirarsa, ka kuma fita daga naka zuwa nasa. In sauye-sauyenku na faɗowa tare, ƙirgarka ta yi.

Doguwar siga ta DJ ce. Ta masu sauraro a intanet kuwa gajera ake yi, kuma daga doguwar ake yanko ta, ba a sake gini. Buɗewa 8, lafawa 16, hawa 8, dirof 16, lafawa 16, hawa 8, dirof 16, rufewa 8: gaɓa 96, minti 3 daidai a BPM 128. Spotify ba ya lissafa an saurari kiɗa sai an kai daƙiƙa 30, don haka a wannan sigar karin sautinka ya bayyana tun a zango na biyu, ko ma tun daga farko.

Wajen fitarwa, ka goge layin kiɗan da ka ara, ka duba cewa ƙarar gaba ɗaya ba ta kai jan launi a mita ba. In za ka kai wa mai mastarin, wato mai yi wa sauti gyaran ƙarshe, bar masa sarari kamar dB 6 a sama. Fitar da WAV mai bit 24, MP3 na tura wa abokai ne kawai. Farkon zaɓinka ya zauna daidai kan gaɓa ta 1, ƙarshensa kuma ka ƙara gaɓa 2 bayan ta 192, don wutsiyar kirash da ribab na ƙarshe su mutu da kansu, kada a datse su a tsakiya.